Ƙwallon Taɓarya da Bakin Baffa

Ɗazu da safe maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Ya ruwa?" Kafin ta rufe baki na ce, "Ya yi gyara," alhali ɗakina na yoyo, katifata ta jiƙe sharkaf. Ta yi dariyar saurin amsata. Ba ta san cewa mu 'yan gidanmu da tsoro muka koyi wannan amsar ba.

A Lajawa na tashi, a gidan kakanmu, gidan da kowa manomi ne. Ƙanen babanmu, wanda muke kira Baffa, shi kaɗai ya ƙi fartanya, ya samu aikin masinja a jami'a can Wudil. A nan ya ga wasu ɗalibai 'yan Filato suna wani wasa: ɗaya ya jefo ƙwallo mai girman lemo, wani ya maka mata sanda, sannan ya zura da gudu yana zagaya fili. Baffa ya kamu da son abin. Ya sa aka sassaƙa masa sanda, ya tara samarin unguwa yana koya musu a filin firamare, buhunan taki cike da yashi su ne wuraren tsayawa. Da mata suka ga sandar sai suka raɗa wa wasan ƙwallon taɓarya, sunan kuwa ya bi shi.

Da hannun samari ya faɗa, Baffa ya gayyato ɗaliban su zo a kara kafin su tafi hutu. Damina ta yi tsaka, gero ya kai gwiwa. Ya share fili, ya aro bencina, ya sa kakarmu Iya ta dama kunun zaƙi. Ranar da aka sa, tun hantsi aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya koma tafki, baƙi ba su zo ba.

Washegari a ƙofar masallaci mai unguwa ya gaishe shi da "Ya ruwa?" Baffa da ransa ke ɓace ya ce, "Ya yi ɓarna, ranka ya daɗe. Da zai ɗaga mana ƙafa mu yi wasanmu, da mun gode." Ka sani, a wajenmu ko ɗakinka ruwa ya rushe, gyara ya yi, ba a ba shi wata amsa. Dattawa suka ɗaure fuska. Kakanmu yana wurin, ya zura takalmansa ya taho gida.

Sai ruwa ya ɗauke.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Gero ya fara nannaɗe ganye, ƙasa ta yi fari. Magana ta fara yawo cewa bakin Baffa ne. Masu ƙara gishiri suka ce ai wurin boka ya je aka ɗaure masa ruwa saboda wasa. A makarantar allo yara suka daina zama kusa da mu. Da aka fita roƙon ruwa, waɗanda ke gefen Baffa a sahu suka matsa suka bar masa fili.

Iya ta roƙe shi. "Ɗan nan, ka ajiye taɓaryar nan sai an yi girbi." Ya ce ya riga ya sake sa wa baƙi rana, kuma in ya fasa kamar ya amsa laifi ne. Taurin kai a gidanmu gado ne, ni ma na samu rabona.

Ranar wasan da la'asar baƙi suka iso a motar haya, hadari kuma ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Gari kakaf ya fito, amma ba ƙwallo aka zo kallo ba, rabin mutane sun juya wa fili baya suna duban sama. Har mu yara mun gane lissafin: in ruwan nan ya sauka Baffa ya wanku, in ya wuce ya shiga uku. Shi ne mai jefa ƙwallo, kuma kafin kowace jifa sai ya waiwayi gabas, leɓɓansa na motsi. Ban taɓa ganin wanda ya shirya wasa yana roƙon Allah ya ɓata masa shi ba sai ranar. Na riƙe zanin Iya gam.

Iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɗigo ya faɗo mini a hannu, wata mata ta fara guɗa. A daidai nan ɗaya daga cikin baƙin, bawan Allah da bai san dawan garin ba, ya ɗaga murya da fara'arsa: "Oga, mu yi sauri! Allah ya riƙe mana ruwan nan mu gama!"

Kowa ya ji. Guɗar ta tsinke. Ba a jima ba iska ta juya, hadarin ya karkata ya yi wajen Indabo, muna hango shi yana zuba a gonakin wasu. Har yau ban san wanda ya ci wasan ba.

Kakanmu ya ratsa fili ya tsaya gaban ɗansa. "Gobe ka tafi birni wajen yayarka, sai hankalin mutane ya kwanta." Na daɗe ina jin haushin tsohon nan, sai da na girma na gane tsoron abin da za a yi wa ɗansa ne ya sa shi. Baffa ya tafi da sassafe. Yammacin ranar aka sheƙa ruwan da ya tayar da geron kowa. Gari na murna, Iya na ɗaki tana kuka, domin ta san yanzu ba mai sauran shakkar cewa bakin Baffa ne ya hana ruwa.

Yau yara a waya suke duba ranar da za a yi ruwa, an kewaye filin firamare da katanga, dattawan nan duk sun riga mu gidan gaskiya. Baffa ya yi furfura a Kano, kuma sai da rani yake zuwa gida. Bana na kira shi bikin ƙanena da aka sa cikin damina, na ce, "Baffa, wallahi kowa ya manta."

Ya ce, "Gero ya fitar da kai?"

Na ce tukuna.

"To, ku bari ya fitar tukuna, 'yata."