Tuwon Masara da Takardar Kashedi

Shekara shida na yi a Italiya kafin mu zo Greensboro ta Amurka, ina kula da tsofaffi a wani ƙaramin gari kusa da Brescia. Na zo da Italiyanci a bakina da Faransancin da na koya a lakkol, makarantar boko, a Maraɗi, amma Turanci kam sai gaisuwa da godiya. Shi ya sa da kamfanin da ke tura mu jinya gida-gida ya samu wata tsohuwa a Summerfield wadda Turanci ya fara zube mata, ta koma yaren iyayenta, ba a yi dogon tunani ba aka ce ni za ni.

Nonna nake ce mata, wato kaka. Ta haura tamanin, 'yar firit da ita, ga baki. Malamar makaranta ce a da, da Turanci ta yi ta koyarwa har ta yi ritaya, amma yanzu in ta gaji ko ranta ya ɓaci sai Italiyanci. Kullum da safe maigidana ke kawo ni daga unguwarmu Glenwood kafin ya wuce aikinsa, mu bi ta gaban gidajen nan masu dawaki a fili. Har yau in na ji ƙamshin ciyawar da aka yanke sai hanyar nan ta faɗo mini a rai.

Matsalarta ɗaya ce, ba ta cin abinci. Likita ya hana ta gishiri, ɗiyarta kuwa ta cika firij da wasu robobi masu abu fari-fari. Na taɓa lasawa, wallahi ko da yunwa na kwana ba zan ci ba. In na kai mata cokali sai ta kau da kai. Zobenta har ya fara zamewa daga yatsa.

Wata rana na idar da sallar azahar, na zauna a kicin na buɗe kulata. Tuwon masara ne da miyar busasshiyar kuɓewa. Tana kan kujerarta tana kallona. To ni ba a haife ni inda ake cin abinci gaban mutum a yi shiru ba. Bakina ne ya riga ni, na ce, "Nonna, bismilla."

Ta leƙo ta ce, "Polenta?" Haka suke kiran nasu tuwon masarar, kuma rabonta da shi tun da aka hana ta kunna murhu. Loma bakwai ta yi, ina ƙirgawa. Miyar ta ce da majina ta yi kama, amma ba ta ajiye cokalin ba.

Na san doka sarai, da hannuna na sa hannu cewa ba zan ba majinyaci abincin waje ba. Duk da haka washegari na ƙara malmala ɗaya a kula, na rage gishiri da magi har maigida ya fara tambaya ko shi ma likita ya hana shi. Wata biyu muka yi haka, kumatunta suka ɗan ciko.

Wata Laraba ɗiyarta ta shigo ba zato ta same mu. Ba ta yi faɗa ba, murmushin nan nasu ta yi, ta fita ta kira ofis. Ranar Juma'a aka miƙo mini takarda. Maigida ya juya ta gaba da baya ya ce wannan Turancin lauyoyi ne. Sai na kai wa Nonna.

Ikon Allah, tana ɗora tabarau malamar ta dawo! Ta juya bayan takardar ta ja layi, Turanci a hagu, Italiyanci a dama.

"Endanger," in ji ta. "Mettere in pericolo. Wai kin jefa ni cikin haɗari." Ta rubuta. "Compromise. Compromettere. Wai kin taɓa lafiyata." Sai ta dakata a kan wata doguwa. "Jeopardize. Mettere a repentaglio. Wannan ba ni ake nufi ba, ɗiyata, ke ce. In kin sake, aikinki ya tafi."

Na ce, "Oh ni! Duk wannan a kan malmalar tuwo?"

Ta tambaye ni mu yaya muke cewa. Na ce kasada, in kuma da wauta a ciki, ganganci. Ta ja layi na uku ta sa na rubuta mata su, tana maimaitawa tana dariya. Sannan ta cire tabarau ta ce a ƙauyensu ba a waɗannan manyan kalmomi, cewa ake ti giochi il posto, kina caca da aikinki. Na ce ni Musulma ce, ba na caca. Ta ce, "To gobe kada ki kawo." Takardar kuma ta ce in bar mata, za ta yi bitar Hausa.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Aikin nan shi ke riƙe da rabin gidanmu, kuma in aka kore ki da irin wannan laifi, da wuya wani kamfanin ya sake kallonki. Kwana huɗu na bi doka. Na koma cin abincina a barandar baya kamar ɓarauniya, tana hango ni ta taga, robobin nan suna komawa firij yadda suka fito. Rana ta biyar na kasa. Na ajiye kula a gabanta na ce bismilla.

Ta dube ni ta ce, "Ganganci."

Na ce, "A'a, Nonna, kasada dai. Ci."

Akwai fom da aka fara ba ni bayan kashedin, kullum in cike abin da majinyaci ya ci. Ni kuwa ban iya rubuta ƙarya ba, abin da ta ci shi na rubuta. Sati bai zagayo ba suka sallame ni. Na yi kuka, maigida ya kwana uku yana amsa mini da ka, daga baya na samu aikin ninke zannuwan gado a wani otal.

Bayan sati uku, wata Asabar da hantsi, aka buga ƙofa. Ɗiyar Nonna ce, riƙe da kwano fanko, ta ce Mama ta ƙi cin komai. Raina ya so in rufe ƙofar a fuskarta, wallahi ya so. Na bar ta tsaye minti biyu, sannan na ce ta shigo ta zauna, na ɗora ruwan tuwo.

Wata huɗu tana zuwa duk Asabar. Kwanon bai taɓa dawo mini fanko ba, ashe su ma haka al'adarsu take. Yau biskit, wani satin tumatir uku, wani satin lemo. A zuwanta na ƙarshe ba ta zauna ba. Ta ce Mama ta rasu ranar Talata, kuma ita ta ce lallai a kawo mini wannan.

Na buɗe kwanon, takardar kashedin ce a ninke. Na juya bayanta, ga layukanmu uku suna nan. A layina, da hannunta, ta soke ganganci da biro, ta bar kasada.