Jirgin Ƙasan Kawu Ɗahiru

Duk kun san Kawu Ɗahiru, ƙanin mahaifiyata, ba ya shiga ɗaki ya zauna. Daga sallama sai ya zaro abin awo daga aljihu ya hau gwada bango. Har a gidan ta'aziyya a unguwar Ƙuba ya yi haka, ana addu'a yana raɗa mini cewa falon nan zai ci layin dogo biyu da tasha.

Kafinta ne daga Chadi, amma abin da ya ɗauke masa hankali ɗan jirgin ƙasa ne na wasa, mai tafiya da lantarki. Gidansu a unguwar Jurf ɗaki biyu ne kacal. Sai ya yanka katako gida shida, kowanne da guntun layinsa, a haɗa bayan La'asar, a raba a tura ƙarƙashin gado kafin cin abinci.

Wurin da jirgin zai sha kwana ne kullum ba ya isarsa. Wata rana matarsa, Inna Saude, ta dawo daga Masallacin Harami ta tarar ya huda durowar kayanta ta gefe biyu, jirgi na shiga ta nan yana fita ta can.

"Ɗahiru, abayoyina fa?"

"Na ɗage su taƙi guda. Ko taɓa su ba ya yi."

Kwana uku ba ta kula shi ba.

Mai gidan da suke haya kuwa ya taɓa zuwa a fusace zai tashe su saboda bugun guduma. Inna har ta fara tunanin inda za su koma. Kawu sai ya miƙa masa maɓallin tuƙin jirgin. Bawan Allah ya durƙusa yana zagaya jirgi har aka kira Magariba. Da zai tafi ya ce khalas, shi ke nan, a bar maganar tashi, amma tashar ta yi kusa da kwana. Kawu ya ce masa ya tsaya kan gidansa, layin dogo ba saninsa ba ne.

Bai taɓa gamawa ba. Ranar da komai ya zauna daidai, ranar zai warware ya sake zane a bayan kwali.

Da ya kwanta a asibiti, ya ce in riƙe masa kwali. Ya ja layi guda, karkatacce, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Ya yi." Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba sai ranar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi hutu.