Kitson Iro

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Gazawa ya ga rumfar Iro, ko da bai san sunansa ba. Tana jikin tawa, inda nake facin taya, kuma daɗewar da muka yi muna maƙwabtaka ta sa na san halinsa fiye da na wasu 'yan uwana. Dogo ne siriri. In yana aiki ba ya magana, in kuwa ya ajiye reza ya fara, sai ka roƙe shi ya yi shiru.

Sana'arsa naɗin babur. Yana sayo leda mai gam daga Maradi, wani lokaci daga Jibiya, ya yanka ta da reza, ya ɗan kara ta a kan garwashi har ta yi laushi, sannan ya shimfiɗa ta a jikin tanki yana bi da babban yatsa. In iska ta maƙale a ƙarƙashi ko da ƙwayar gero ce, sai ya ɗaye ya sake, mai babur na tsaye yana rantsuwa cewa shi bai ga komai ba.

Masu naɗi akwai su a Agye, akwai su a Tasawa. Abin da ya raba Iro da su shi ne kitso. Mahaifiyarsa Dija mai kitso ce a Gangara, ya tashi yana kallon yatsunta a kan matan gari. Da ya kama sana'a sai ya riƙa yanka leda siri-siri, kore da rawaya da ruwan hoda, ya sarƙe su zare uku, wannan ya hau wancan ya nutse, tun daga fitila har wutsiyar babur. Da farko samari sun yi masa dariya, wai namiji da kitso. Ba a jima ba masu dariyar suka fara jera baburansu a ƙofar rumfarsa, suna tare mini hanyar masu faci. Ranar kasuwar Gangara, tun daga nesa kana iya nuna baburan da suka bi ta hannunsa.

Sai shekarar da sojoji suka ce za su mayar da mulki hannun farar hula, aka buɗe siyasa. Mun yi murna, ni har rawa na taka a gaban rediyo. Abin da ban hango ba shi ne jam'iyyu za su raba launukan duniya tsakaninsu kamar rabon gado. Wannan ta ɗauki kore, waccan ruwan hoda, wata rawaya. Hular da ka shekara kana sawa, ka wayi gari ta zama magana. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba wanda ya tambayi mutumin da launi ne abincinsa.

Wani ɗan kabu-kabu, Rilwanu, shi ya fara zuwa. Ya kafe babur, ya ƙi haɗa ido da Iro.

"Malam Iro, tsifa na zo."

"Tsifar mi?"

"Koren nan za ka hidda mani. Jiya a Agye wasu sun tare ni, wai in hwaɗa masu ni na wa ne."

Iro ya ce masa kitso da zare uku yake tsayawa, in an zare ɗaya sauran biyun tarkace ne. Rilwanu ya ce ya ji, a bar masa tarkacen. Iro ya sa reza ya zare koren. Babur ya fita kamar kan da aka fara tsefewa aka bari, ni kaina da ba aikina ba sai da na kau da kai.

Daga ranar kalmar ta kama gari. Wannan ya zo a tsefe masa ruwan hoda, wancan rawaya, wani ya ce a tsefe duka ya huta. Akwai wanda aka tsefe wa kore da safe, kawunsa ya canza jam'iyya, ya dawo yana tambaya ko za a iya mayarwa. Iro bai kore shi ba, amma na ji abin da ya faɗa bayan tafiyarsa, kuma ba zan maimaita ba. Mutumin da ya yi suna da kitso ya koma mai tsifa, yana wuni yana kankare gam da farce, ledar da ya sarƙa da hannunsa tana taruwa a ƙasa awaki na shinshinawa.

A ƙarshe babur ɗaya ya rage a yankin da cikakken kitso, na Mas'ud. Abokin Iro ne tun suna lakol, wato makarantar boko, kuma baburinsa ne na farko da Iro ya taɓa yi wa kitso. Mas'ud gajere ne mai taurin kai, yana jigilar mutane tsakanin Gazawa da Gangara da ƙauyukan gefe. Ya tsaya a tsakiyar tasha ya ce ko jam'iyya goma za a ƙirƙiro, ba mai taɓa masa babur. Kullum da safe in ya zo wucewa sai ya danna oda a gaban rumfa, Iro ya ɗago ya bi shi da ido har ya sha kwana. Bai taɓa faɗa mini ba, amma na sani: muddin wannan babur na kan hanya, Iro yana ganin sana'arsa tana da rai.

Taurin kai kuwa bai ciyar da Mas'ud ba. In ya shiga ƙauyen masu kore, ruwan hodan suke gani. In ya shiga na masu ruwan hoda, koren ne ke tsone musu ido. Ban taɓa jin wanda ya ga launinsa a jikin baburin ya ce madalla ba, kowa na abokin hamayya yake hangowa. Masu ganin duka ukun kuma suka ce ba shi da alƙibla, yana ci gida uku. Wata tsohuwa da ya shekara yana ɗauko wa wake ta ce ɗanta ya hana ta hawa. Ranar kasuwa, sauran 'yan kabu-kabu na sawu bayan sawu, shi yana zaune a kan sirdi yana korar ƙuda. Ga shi damina ba ta yi kyau ba, rumbunsa ya kusa ƙasa, matarsa Batulu kuma da tsohon ciki.

Wata Laraba bayan azahar Mas'ud ya zo. Bai danna oda ba. Ya turo baburin da hannu har cikin rumfa, ya zauna a kan tsohuwar tayata, ya yi ta gaishe mu kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Iro yana amsawa, idonsa na kan baburin.

"Iro," in ji shi daga baya, "na yi iyakata."

"Na sani."

"In don ni ɗai ne, wallahi..."

"Na ce na sani. Tashi ka ba ni wuri."

Na ce wa Iro ya bari ni in ɓare, ai ɓarewa ba ta son gwani. Ya harare ni. Ya hura garwashi, ya kara ledar ta yi laushi, ya kama bakin zaren daga wutsiya ya fara ja a hankali. Ledar ta daɗe a jiki, tana fitowa tana ƙara, shi kuma yana naɗe kowane zare a yatsa maimakon ya yar. Ni dai na koma kan facina ina buga abin da ba ya bukatar bugu.

Da ya goge gam ɗin da tsumma da ɗan kananzir, sai fentin kamfani ya fito. Shuɗi ne shar, yana ƙyalli, rana ba ta taɓa ganinsa ba tun ranar da aka rufe shi. Mas'ud ma ya manta da launin baburinsa. A lokacin kuwa akwai wani ɗan kasuwa da ya fito takarar magajin gari, ya raba shuɗɗan huluna da riguna ko'ina. Muna tsaye muna kallo, wani saurayi a kan amalanken jaki ya ɗaga hannu ya kwarma ihu: "Sai mai shuɗi! Mas'ud, ashe kai namu ne!"

Mas'ud ya dafe kai da hannu biyu. Ni dariya ta zo mini, ta haɗu da takaici, ban san wanda zan saki ba.

"Yanzu kuma ina zan shiga?" in ji Mas'ud. "Wane launi ne ba ya da mai shi?"

Muka lissafa, muka lissafa. Baƙi kaɗai ya rage. Iro yana da wani naɗin baƙar leda da yake ɗan tsaga wa gefen lamba, bai taɓa ɗaukarta launi ba. Ya jawo ta, ya rufe baburin tun daga fitila har wutsiya. Da yake hannunsa bai iya aikin banza ba, ya fito sumul, ba kumfa ba tattara.

Washegari Mas'ud ya yi sawu har ya gaji, ba wanda ya tambaye shi na wa ne. Kafin mako ya zagayo 'yan kabu-kabu sun ji labari. Layin da aka yi a ƙofar Iro ko zamanin kitso ba a yi irinsa ba. Har daga Agye ake turo babura. Ya riƙa zuwa Maradi yana dawowa da baƙar leda kaɗai. Mutane na ce masa kasuwa ta buɗe, Allah ya ƙara, yana cewa amin da murya kamar ta mai amsa gaisuwar ta'aziyya. Da yamma in ya ajiye reza, in ya kira sunana maganar tasa ɗaya ce: "Ɗan Azumi, bari a gama zaɓen nan."

Aka gama. Aka ƙirga ƙuri'u, waɗanda suka ci suka ci, sojoji suka koma bariki. Hulunan kamfe suka koma kan 'yan kiwo, rigunan suka zama tsumman goge mota. Kore ya koma kore. Iro ya tafi Maradi da sassafe ya dawo da leda kala-kala, ya rataye su a bakin rumfa iska na kaɗawa, ya sa sabuwar reza, yana ta murmushi. Rabon da in ga haƙoransa a waje har na manta.

Ana nan sai ga wani manomi daga wajen Gangara, ya sayar da wake ya sayi sabon babur, ko ledar kamfani bai cire daga sirdi ba. Ya ce tun daga ƙauyensu aka kwatanta masa rumfar. Iro ya miƙe, ya sauko da kore da rawaya da ruwan hoda, ya ɗora su a kan tanki yana nuna masa yadda za su sarƙe. Mutumin ya kalla, ya yi murmushin jin nauyi, ya girgiza kai.

"A'a Malam Iro, ba wannan ba. Irin naka nike so. Baƙin nan da aka san ka da shi."

Iro ya tattara zaren uku ya mayar a ƙusa, ya sunkuya ƙarƙashin benci ya jawo baƙar.