Malam Haruna da Jirginsa na Zaure

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan aka kira ni daga Ƙaura: Malam Haruna ya rasu.



Ma'aikacin reluwe ne, ni kuma mai gyaran rediyo a maƙwabtansa, kafin in koma Zurmi da zama. Da jirgin ƙasa ya fara ƙauracewa tashar Ƙaura, sai ya haɗa nasa ɗan ƙarami a zaure, a kan katako: layin dogo na waya, taragai na gwangwanin madara, inji daga tsohuwar kaset, wuta daga batirin mota. Ni ke yi masa haɗin waya. Ban taɓa fita gidansa ban ci abinci ba, har ya san ba na son yaji.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa na taka-tsantsan, sai magana ta zaga gari wai Malam Haruna ya tara gumaka. 'Yan fasinjojin da ya sassaƙa da icce ya jera a tasha, su ake nufi.

Wata Juma'a bayan an sauko, ina durƙushe ƙarƙashin katakon, muka ji hayaniya. Matasa sun cika ƙofa, wasu da sanduna. Na ce mu fita ta baya.

Ya ce, "In gudu in bar iyalina? Buɗe musu."

Limamin unguwa ne ya shigo gaba, ya tare ƙofa da jikinsa. Ya ce, "Haruna, mi kake yi da waɗanga?"

"Fasinja ne, Malam. Tsaya ka gani."

Ya danna makunni. Jirgi ya ƙi tashi.

Wani daga waje ya ɗaga murya, "A fito da su a ƙona!" Ina ta laluben waya, ban ga inda ta samu matsala ba. Malam Haruna ya sunkuyo a hankali ya ce, "Natsu, Lawali. Jar ce ta kwance."

Na ɗaura. Jirgin ya motsa, ya zagaya, ya tsaya a tasha. 

Liman ya daɗe yana kallo, sannan ya ce jirgi ba laifi, amma a kwashe mutum-mutumin. Da hannunsa Malam Haruna ya tsince su ɗaya-ɗaya ya miƙa. Bai sake sassaƙa wani ba.

Ganinmu na ƙarshe, da ƙaramar salla, idonsa ya riga ya yi rauni. Ya sa na tayar masa da jirgin don ya ji ƙararsa. Da zan koma Zurmi ya riƙe hannuna ya ce, "Kar ka kai la'asar a hanyar nan."

Yau ma direbobi sun ce hanya ba lafiya. Za a sallace shi ina nan zaune.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Jama'a, duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.