Mama Buɗe-baki da Almakashin Tela

Kafin mai shara ya gama goge barandar asibitin, ita ta riga ta iso. Ta rataya jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta tafasa kayan aikinta, ta gyara fitilar nan mai dogon wuya, sannan ta leƙo ta dubi masu jira a benci, kowa ya tallafe kunci. Gaisuwarta gajeriya ce, abin da ke biye kuwa kowa ya haddace: "Buɗe baki." Nan sunan ya samo asali. Yara da manya, har likitocin da ke gaba da ita, Mama Buɗe-baki suke ce mata. Wannan watan take ajiye aiki, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

Mutane kan zo mata da hukuncinsu a hannu: a cire kawai a huta. Ita kuwa rowar haƙori gare ta. In dasashi ne ya kumbura yana jini, sai ta zauna ta kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ta koya wa mutum wanke baki kamar ɗan yaye, ta sallame shi da haƙoransa cif. Amma in ciwon ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori, ya tara mugunya yana neman shafar maƙwabta, to, nan ba ta da wasa.

Babban shaida shi ne tsohon telan da ke kwanar asibitin. Tun yana koyon ɗinki da haƙorin gaba yake tsinke zare. Ranar da ya ciji zare ya bar ɗigon jini a farar rigar wani, 'yarsa ta tasa shi gaba har kan kujerar Mama. Ta raɗa mata cewa Baba ya daina cin nama, in zai auna mutum ma sai ya kau da kai saboda warin baki.

Mama ta duba, ta taɓa haƙorin, ya yi lilo. Ta miƙa masa madubi.

"Baba, wannan ya gama aikinsa. Sauran zan iya ceto su, amma sai shi ya fita. In ya zauna, zai ja su ɗaya bayan ɗaya."

"'Yar nan, ki cire na ciki ko nawa kike so. Wannan abokin sana'ata ne."

"Na cikin me suka yi maka?"

Ya sauko daga kujera, ya gyara hularsa, ya yi tafiyarsa.

Da wata ce, da ta ce ta fita haƙƙinsa. Ita abin ya tsaya mata a rai, don ta san in aka bar shi, baɗi war haka da dasashi zai riƙa tauna. Da ta tashi aiki sai ta biya ta shagonsa, ta ciro ɗan ƙaramin almakashi da ta zura wa igiya, ta rataya masa a wuya a gaban masu jiran ɗinki.

"Ga sabon abokin sana'a. Ba ya jini, ba ya wari. Ka gwada shi kwana biyu, in bai yi ba ka dawo min da kayana."

Shagon ya kwashe da dariya, har shi. Ba a daɗe ba sai ga shi a benci da sassafe, almakashi na reto a ƙirji. Ta yi masa allurar kashe zafi, kuma yana tsakiyar ba ta labarin yadda zai daure sai ya ga haƙorin a faranti. Daga nan ta bi sauran da kankarewa da magani, yana zuwa yana mita, har dasashin ya lafa.

Ke ce, Mama, mai raba mutum da guda don ya tsira da sauran. Ke ce ba ki taɓa kama haƙori da awartaki ba sai kin tabbata ba shi da sauran rai. Bakuna nawa ke tauna yau saboda taurin kanki?

Ranar ban kwana telan ya zo da rigar da ya ɗinka mata. Tana sawa ya hango zare na lilo a hannun rigar. Ya sunkuya da baki kamar yadda ya saba, sai ya tuna, ya fashe da dariya, giɓinsa a fili, ya sa almakashi. Mama ta dube shi, idonta ya ciko.

"Buɗe baki," in ji ta.

Ya buɗe. Sauran suna nan daram.

Mun gode, Mama, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da za ku gaji ɗakin nan, ku ɗauki halinta tare da fitilarta: kada ku yi saurin cirewa, kuma in cirewar ta zama dole, ku bi mutum har shagonsa.