Gangar Da Perce Ya Bari

Shekara talatin da huɗu Lindsay Noack ya yi yana jan motar kamfanin giya, kuma bai taɓa ɗora ganga cikakkiya a kan mota daga mashaya ba. Cikakku ake saukewa, a kwashi wofi. Bayansa ya san haka, kunnensa ma ya sani. In ya ƙwanƙwasa ganga da mabuɗin mota, ya kan faɗa maka abin da ya rage a ciki, kuma ba ya kuskure. Tsoho Perce Trezise ne ya koya masa, tun Lindsay yana da gashi a ka.

Sai annobar korona ta zo, aka rufe mashayu. Wata biyu giya tana kwance a ɗakunan ƙasa har kwananta ya ƙare. Kamfani ya ce a kwaso duka, a kai ma'aikatar tace ruwan datti a tuttular. Haka Lindsay ya shiga bin ƙauyukan da ke arewa da Adelaide da rana tsaka, tituna fayau, ba kowa sai hankaki. Gangunan da ya saba jin suna kaɗe-kaɗe a bayansa yanzu sun yi gum. Shirun nan ya fi komai damunsa.

Ran wata Talata ya isa garin Kalanda, ya shiga mashayar Maureen Hocking. Kujeru a kife kan tebura. Allon wasan jifan kibiya yana nan da kibiya biyu a soke, kamar mai wasan ya je fitsari ne zai dawo.

"Kai ne, tsohon banza?" in ji Maureen ta cikin takunkumi. "Na ɗauka cutar ta kwashe ka."

"Ta leƙo, ta ga hantata, ta koma."

Ta yi dariya, amma gajeriya. Suka sauka ɗakin ƙasa. Ya fitar da ganga goma yana nishi. Da ya juyo kan ta ƙarshe, sai ya tarar da Maureen ta tsaya a gabanta. An rubuta PERCE da alli a jikinta.

Lindsay bai halarci jana'izar Perce ba, mutum goma kawai aka yarda. Amma ya san al'adar Kalanda. In mutum ya ji tafiya ta matso, sai ya ajiye ganga guda a mashaya. Ranar da aka binne shi, abokansa su taru su shanye ta tas. Muddin da saura a ciki, mutanen garin cewa suke bai tashi daga kujerarsa ba tukuna.

"Maureen, ta lalace fa. Tsami ne kawai."

"Na sani. To ka kai Perce cikin ruwan masai, in za ka iya." Ta matsa gefe. "Amma ƙwanƙwasa ta tukuna."

Murfin yana nan a liƙe, ba wanda ya taɓa shi. Lindsay ya buga mabuɗi daga ƙasa yana hawa. Gum. Gum. Gum. Kusa da wuya sai ta amsa, ƙarau.

"Ta ragu," ya ce. "Kamar yatsa uku."

"Makon jiya biyu ne."

"Yoyo take."

"Duba ƙasa mana."

Simintin a bushe yake ƙayau.

"Kullum ƙarfe huɗu," in ji Maureen, murya ƙasa-ƙasa, "lokacin da ya saba shigowa, sai in ji ƙafar kujerar nan ta lungu ta ja. Ni ba tsoronsa nake ba, Lindsay. Shekara arba'in ina korarsa in lokacin rufewa ya yi. Amma a wannan tafiyar, sai ya kai badi bai gama ba, kuma shi kaɗai. Perce bai taɓa shan giya shi kaɗai ba."

Lindsay ya kalli rubutun allin. Doka ta hana taro, ba ta hana mutum tsayawa a bakin ƙofarsa ba.

"Famfon hannun nan na zuƙo giya da kike kaiwa sukuwar dawaki, yana nan?"

Ya ɗora gangar a bayan mota, ya ɗaure, ya fasa murfin. Maureen ta hau buga waya gida-gida.

Ya bi garin a hankali kamar motar gawa. Kowa ya ajiye tambulan a kan turken shinge ya ja baya, Lindsay ya cika, ya ja nasa bayan. Ba kumfa ko kaɗan, sai wari kamar jiƙaƙƙen kwali.

Wani Merv, tsohon mai askin tumaki, ya kurɓa ya yamutsa fuska. "Wayyo! Ko da ransa bai taɓa saya min mai kyau ba."

"Shanye, Merv," matarsa ta ce daga taga. "Kana so ya biyo ka gida?"

Merv ya shanye, ya miƙo tambulan a ƙara. Wasu sun ɗaga nasu sama. Wata tsohuwa da ba ta taɓa shan giya ba ta toshe hanci ta haɗiye. Ƙetaren titi maƙwabta suna kallon juna, kowa a nasa shingen.

Wajen ƙarfe huɗu gidaje suka ƙare, famfo bai fara tari ba tukuna, alamar da saura a gangar. Saura gida ɗaya a ƙarshen layi, kusa da rumbun alkama, labule a sake, ciyawa ta cinye hanyar shiga. Gidan Perce. Lindsay ya yi niyyar juya mota ne kawai a wurin, sai ya hango tambulan a kan turken shinge, wankakke, ko ƙura babu.

Ya sauko. Ya cika shi har baki. Famfo ya yi tari sau biyu, ya hura iska.

"Shi ke nan, maigida," ya ce. "An rufe. Tashi ka tafi."

Ya hau mota ya ja. Har ya kai babbar hanya bai ɗaga ido ya dubi madubi ba.