Turaren da Nake Kai wa Kaka

A shekarata ta biyu a makarantar koyon jinya ta Diffa aka yi mana darasi kan tsofaffin da ke sakin kansu, su daina ci, su daina wanka, su ɓoye ciwo. Ni na zo ta ɗaya a jarrabawar. Na faɗi wannan ne don a san girman wautata, domin a shekarar ce kakata ta kusa rasa ƙafa ina kallo.

Ita kaɗai take zaune a ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu tun rasuwar mijinta, gonar tattasai ma ta bar wa kawuna. Ita ta goya ni, kuma ba ta taɓa kirana da suna ba, sai "ƙawata". Duk Asabar nakan kai mata turaren wuta, don watannin nan ba ta roƙona komai sai shi. Ni kuwa sai fahariya nake yi, tsohuwata Babarbariya ce ta gaske, ƙamshin ɗakinta har ƙofar gida.

Wata Asabar na ja wata 'yar ajinmu muka tafi. Daga sansanin 'yan gudun hijira na Sayam take, Faransancinta duk a karye, ni ke gyara mata rubutu. Gaskiya na kai ta ne don ta ga gidanmu ta yaba.

Ko gaisuwa ba mu gama ba, ta dubi kasko biyu suna hayaƙi da rana tsaka, ta dubi tuwon jiya a rufe ba a taɓa ba, ta dubi safa a ƙafar Kaka ta hagu cikin wannan zafi. Sai ta ce mini, "Je ki ɗebo mana ruwa." Ni! A gidanmu! Na fita ina ƙunƙuni.

Da na dawo, ƙafar Kaka tana kan cinyarta, safar a ƙasa. Gyambo ne ya ci ƙasan yatsun, warinsa ya fi ƙarfin kaskon biyu. Kaka na ganina ta ja zane ta rufe.

"Ƙawata," in ji Kaka, "ki ce ta fita."

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni take kallo ba.

A ranar muka kai ta asibiti a Diffa. Ashe ciwon sukari ne. Likita ya ce da an ƙara mako guda, ƙafar gaba ɗaya za ta tafi. Yatsu biyu aka cire.

Ya kamata in gode, ko ba haka ba? Wallahi ban iya ba. Mako uku Kaka tana kwance, ba mai wanke mata ciwon sai yarinyar nan. In na kawo kunu ta ce ta ƙoshi, in ita ta miƙa mata kofin nan dai sai ta shanye tas. Ina tsaye bakin ƙofa ina jin dariyarsu, zuciyata kamar an watsa mata garin tattasai. Na daina gyara wa yarinyar rubutu. Na ce wa 'yan aji neman suna take yi. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Wata rana na tare ta a bakin famfo na ce, "Ke da kika sha da ƙyar a jarrabawa, ta yaya kika gane?"

Ta ce, "Kakana haka ya yi a Sayam. Ni ke kai masa abinci kullum, ban gani ba sai wajen wankan gawa."

Na ji tausayinta, amma kishin bai motsa ko kaɗan ba.

Ranar da za a sallami Kaka na same ta ita kaɗai, haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kaka, ni da kika goya, me ta fi ni da shi? Har sunana kika ɗauka kika ba ta!"

Ta daɗe tana kallon ƙafarta da ke naɗe.

"Ba ta fi ki da komai ba," ta ce. "Wata biyar kina zuwa, kullum ki shigo ki ce ɗakina da ƙamshi. Na yi ta jira ki tambaye ni. Ita kuwa ranar farko ta ce, Kaka, ina ke miki ciwo?"

Na riƙe jakata gam a ƙirji don kada ta ji ƙamshi. A ciki akwai ƙullin turaren da na saya mata da safiyar nan.